Iskar Alhaji Tayyib

"Fitar min da ita, Milud! Ko ka fitar da ita, ko in tashi in fitar da ku duka biyun."

Tashin da ba zai iya ba ke nan. Bu'azza na jingine da matasai, kowace kalma sai tari ya rako ta, amma bakin nan bai mutu ba. Milud, maƙwabcinsa da katanga kawai ta raba su, yana tsaye a ƙofar ɗaki rungume da tukunyar iskar asibiti, gumi na bin gemunsa. A jikin tukunyar an manna hoton Alhaji Tayyib yana murmushi. Shi ne attajirin da ke saye kwal a hannun masu haƙar ramukan bayan gari tun da kamfanin haƙar kwal ya rufe, kuma bana ma yana takarar majalisa.

"Iska ce fa, ɗan'uwa, ba ƙuri'a ba," in ji Milud.

"Iskar ɓarawo ce. Jam'iyya za ta aiko da tamu. Na yi waya hedikwatarmu a Rabat."

Zubida, matar Bu'azza, ta yi wa Milud nuni da ido, ya jingine tukunyar a bayan ƙofar tsakar gida. Nan tukunyar ta zauna, kaji na kewaya ta.

Kai, taurin kai irin na Bu'azza! Tare suka shiga ramin kamfani suna samari, tare suka shaƙi ƙurar da yanzu ta mayar da huhun Bu'azza dutse. Shi ne shugaban ƙungiyar ƙwadago a zamanin da idan ya ɗaga hannu gari kan tsaya cak. A lokacin, jam'iyyar ma'aikata ko jaki ta tsayar a garin nan sai ya ci zaɓe. Yanzu kuwa ofishinta ya koma shagon gyaran waya, mutanenta sun watse ɗaya bayan ɗaya, har Milud. Bu'azza kaɗai ya rage, da katinsa a aljihun jallabiya.

Kullum da hantsi Milud kan shigo, Zubida ta kawo shayin na'ana'a da burodi da man zaitun, su dasa daga inda suka tsaya jiya.

"Ga mai sayar da ƙuri'a nan ya iso. Nawa aka ba ka yau?"

"Ga sarkin yaƙin da ba runduna. Rabat sun kira?"

"Suna taro."

"Tun ina da haƙora suke taron nan."

Wata rana wasan ya ƙi tsayawa a wasa. Bu'azza ya ce, "Kunya ba ta kama ka? Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Yaranmu na mutuwa a rami, shi yana gina bene, kai kuma kana dangwala masa."

Milud ya ajiye kofi. "Ran da rami ya rufta da Lahdar ɗana, wa ya zo? Motar haƙan Alhaji ce ta tono min gawarsa. Naku fa? Bayan an share makoki suka fitar da sanarwa. Ihu bayan hari. Ɗan takarar da suka turo mana, lauyan nan, da muka gaisa sai da ya goge hannu a wando. Ya tsaya yana faɗa mana kwal na ɓata duniya, a rufe ramuka. To mu ci me? Ƙasa?"

"Kwal ɗin wa Lahdar ke haƙa? Shi ya kashe maka ɗa, shi ya saya maka likkafani."

"Na sani! Ka ɗauka ban sani ba? Amma ya san sunana, Bu'azza. Ya zauna a tabarmata."

Bu'azza ya buɗe baki, tari ya ƙwace maganar, leɓɓansa suka yi shuɗi. Milud ya tallafe shi yana shafa masa baya, ransa a ɓace, tsoro kuma ya cika shi. Mutumin nan zai mutu da ƙishin iska, ga iska a bayan ƙofa.

Ana saura mako guda zaɓe, sai ga baƙar mota a ƙofar gida. Mutanen jam'iyya ne daga Rabat: wani mai tabarau da ake kira Ustaz Nabil, da wata mata mai ɗaukar hoto da waya. Bu'azza ya sa aka sanya masa farar jallabiyarsa ta Juma'a. Fuskarsa ta yi haske, har Milud ya ji kunyar duk abin da ya taɓa faɗa.

A garin nan kowa ya san yadda ake gaida mai ciwon ƙura. Ba a shiga da turare. Ba a yi masa tambaya, don amsa numfashi take ci. Kai baƙo kai za ka yi ta zuba, shi ya saurara. Ustaz Nabil ya shigo ƙamshi na tashi, ya miƙa wa Bu'azza allon yabo mai ruwan zinare, ya ce, "Baba, ba mu labarin babban yajin aikin nan. Daga farko."

Bu'azza ya fara. Yana yi yana tsayawa, ƙirjinsa na kuka kamar tsohuwar ƙofa. Zubida na bakin labule tana murza hannuwa.

Matar ta sauke waya. "Ustaz, na ga tukunyar iska a waje. Da an sa masa, mutane za su fi ganin halin da ma'aikata ke ciki."

"Madalla! A shigo da ita."

Milud ya ce, "Ta Alhaji Tayyib ce. Ya ƙi ta. Taku yake jira."

"Af, wannan maganar tana gaban kwamiti," in ji Ustaz. Ya dubi tukunyar da aka jawo, ya dubi hoton. "A juya fuskar nan ta kalli bango, shi ke nan."

Aka juya. Bu'azza ya bi hannun Ustaz da kallo. Abin da matarsa ta roƙa da hawaye ya ƙi, abin da Milud ya roƙa ya ƙi, yau jam'iyya ta ce ya sa, ya miƙa fuska aka ɗaura masa robar. Ba wanda ya tuna da buɗe kan tukunyar. Su hoto suke so. Dattijo na haki a cikin roba babu iska, idanunsa sun firfito, matar na cewa, "Ɗan ɗaga hannu, Baba, ka dunƙule."

"Ku kauce, don Allah!" Milud ya ture Ustaz ya murɗa kan tukunyar. Iska ta taho da ƙara. Ƙirjin Bu'azza ya ɗaga, ya sauka, ya sake ɗagawa. Rabonsa da numfashi irin wannan tun kafin azumi.

Ba su tsaya shan shayi ba, wai ana jiransu a birnin Wujda. Zubida ta tsaya da tire a hannu har ƙarar motar ta ɓace.

Milud ya kai hannu zai rufe, don ya san halin mutuminsa. Bu'azza ya riƙe masa wuyan hannu.

"Bar ta," ya ce ta cikin robar.

Da zagi ya yi, da Milud ya fi jin daɗi. Daga ranar babu sauran "mai sayar da ƙuri'a". Milud zai shigo ya tsokane shi ta nan, ya tsokane shi ta can, Bu'azza sai dai ya dubi rufi. Numfashi ya samu, mutumin ne babu.

Ranar zaɓe Milud ya je da wuri ya jefa tasa, aka shafa masa tawada a babban yatsa, ya biyo da motar haya. Tun da Milud ya bar jam'iyya, duk zaɓe tare suke zuwa, kowa ya soke ƙuri'ar ɗan'uwansa, su dawo suna dariya.

"Tashi, sarkin yaƙi. Ko goya ka zan yi, sai ka je ka ɓata min tawa."

Bu'azza ya janye robar kaɗan. "Wa zan zaɓa, Milud? Wanda nake shaƙar iskarsa, ko waɗanda suka juya shi bango?"

"Zaɓi naka mana, kamar kullum. Don Allah tashi."

"Sallami mai motar."

Milud ya fita ya sallame shi, ya tsaya a bakin titi ya yi kuka kamar yaro, mutane na wucewa zuwa rumfar zaɓe.

Kafin azahar Zubida ta buga katanga da tafin hannu. Ko da Milud ya shiga, an gama. Ta riga ta rufe masa ido, tana zaune a gefen katifa tana salati a hankali.

Mahaƙi, abokan raminsa ke yi masa wanka, haka aka saba. Milud da wasu tsofaffi biyu suka shiga da ruwan ɗumi. A waje motocin Alhaji na ta zirga-zirga da lasifika, suna kwasar mutane. Milud ya ɗago hannun daman mamacin yana zuba ruwa a hankali, yana bin tsofaffin tabban da kwal ya bari a ƙarƙashin fata. Da ya zo kan babban yatsa sai ya dakata. Nasa baƙi ƙirin da tawada, na Bu'azza fari fat. Tsohon da ke riƙe da buta ya jira, ya jira, sannan ya ci gaba da zubawa a kan hannuwan biyu.