Wasiƙar da Lubabatu ta aiko daga Maraɗi

...kuma sai da hannuna, wai. Ba hannun kowa ba, hannun Haladu. Tun azahar Sule direba ya miƙo mani ambulan ɗin a tashar Cadawa, ga la'asar ta wuce, ina zaure ina juya takardar nan kamar mai gasa masara. Shafi biyu. Ƙasan na biyun an bar fili, fari fat, nan zan rubuta amsa. Ni.

Wace irin jami'a ce wagga? Na tura ɗiya ta koyo ilimin noma, sai ga wani darasi wai na dabarun karatu da sanin kai. Sanin kai! Shekara hamsin da ukku ina tare da kaina, ko gaisuwar kirki ba mu taɓa yi ba. Madam, malamarsu, ta ce kowa ya rubuta wa wanda ya fara koya mashi karatu, shi kuma ya maido amsa kafin Litinin. Lubabatu ta rasa wanda za ta zaɓa duk faɗin Maraɗi sai ubanta...

To laifin wa? Wa ya ce mata shi ne na ɗaya a lakol, makarantar bokon garin Agye, shekara shidda a jere? Wa ya ce mushe, malamin ajin, ya yi kuka ranar da ya tafi? Da satifikan da akuya ta cinye, har ta yi mako tana kuka da Faransanci — wannan kam na gyara shi da kyau, Rabo mai shayi har yau sai ya ce in sake.

Rumbu. Duhu, ƙaiƙayin gero a wuya. Kwana ukku. Baba ya ɗaga ni ya jefa ciki, ya ce kada in yi ko tari, masu rubuta yara lakol sun shigo gari. Inna tana zuro mani fura ta ƙarƙashin jinka. Da suka tafi aka fiddo ni ana murna, an tsirar da ni. An tsirar da ni... Lakol ɗina ke nan duka, kwana ukku, kuma ɓeraye ne ƴan ajinmu.

In ce kunama ta harbe ni a hannun dama? Na riga na yi wannan lokacin takardun bak ɗinta, jarabawar gama sakandare. Ciwon ido? Shi ma ya tsufa. In kai wa Rabo — a'a, kafin magariba har garin Gazawa an ji. Matata Mero tana daka a ciki, ta san kome, shekara ashirin da biyar ba ta tona ni ba, sai dai in na fara labarin akuya ta tashi ta ba kaji ruwa.

Lubabatu tana ƴar mitsitsiya, da kaye ɗinta, littafin rubutu, da alƙalamin bik a baki, a kan wannan tabarma. Baba duba mani. In karɓa, in ɗaure fuska, in gyaɗa kai. Ba kaye nake dubawa ba, ita nake dubawa. In ta sosa kunne, wurin bai zauna ba. Sai in ce rufe, faɗa mani da Hausa, yi kamar ban san kome ba. Kamar! Ta yi ta bayani, in yi ta tambayar wauta, don mi ruwa ke hawa cikin kara, ina iska ke kwana, har ta gane da kanta. Shekaranjiya a waya take ce mani wai dabarar nan tana cikin littafin madam, manyan masana suka gano ta. Ta ɗaga hannu a aji ta ce babanta ya riga su. Gaban mutum tamanin... Ya Rabbi. Ƴar nan ta tsaya a kaina da ƙafa biyu, ba ta san rami ne an rufe da kara ba.

In ta sani fa? Ba dariyar gari nake tsoro ba, ni na koya wa garin nan dariya. Idonta. Yadda za ta dube ni ranar hutu in ta sauko daga mota...

Waya ta yi ƙara. Saƙon murya, hotonta ne da farin lulluɓi.

"Baba, ina wuni. Rubutuna ya lalace da saurin jami'a, kada ka wahalar da idonka, bari in karanta maka. Amsar ma ka faɗa da baki, ni zan kwafe, madam ta yarda."

Ya lalace? Na ɗaga takardar wajen haske. Layi bayan layi, a miƙe, kamar kunyoyin da gwani ya ja da garma. Ko ni na ga wannan. Ko ni.

Tana karantawa a hankali, tana tsayawa inda zan so in yi tambaya... Tun yaushe kika sani, Luba? Tun bak? Tun kina cin bik?

Ta gama. Na ɗora babban yatsa a kan ɗan madannin ɗaukar murya, ya yi ja, yana jira. Baki a buɗe. Turmin Mero ya yi shiru... madannin yana ta jira.