Yashin da Rusdi Ya Zuba Ƙarƙashin Gidanmu

Har yau in na tuna ranar da motocin yashi suka shigo layinmu sai raina ya ɓaci. Ƙanena Rusdi ne ya kirawo su. Shekara tara ya yi a Jakarta, ya dawo da takalmi mai ƙyalli da raini ga gidan da aka haife shi.

Baba ne ya gina gidan a kan fadama, kamar kowane gida a ɓangarenmu na Banjarmasin. Ya kafa sandunan itacen galam cikin laka, ya ɗora katako a kai, ya bar 'yar tazara tsakanin allunan ƙasa don iska ta shigo. Kogi kan ciko ƙarƙashinmu ya janye abinsa. Shi galam muddin yana jiƙe zai ga jikoki, in ya bushe kuwa sai ruɓa, kowa a layin ya san haka. Ta wannan tazarar Inna ke zuba wa kifaye shinkafa kowace safiya, tun Baba na da rai.

"Yaya Masniah, surukaina su zo su tarar muna zaune a kan kwata?" in ji Rusdi.

Na ce, "Kwatar ce ta raine ka, ɗan birni. Ka bar gidan nan yadda ka same shi."

"Ku dai ba ku son ci gaba."

Inna ba ta hana shi ba. Autanta ne, ko wuta ya ce zai cinna wa gidan ita za ta miƙa masa ashana.

Ya kewaye ƙarƙashin gidan da katangar siminti, ya sa inji ya zuƙe ruwan, ya cika wurin da yashi. Ya shimfiɗa tayil mai nauyi a kan allunan, ya cire tagogin katako ya sa gilashi. Surukan sun zo sau ɗaya, sun sha miyar soto, sun yaba, sun tafi. Ni da Inna, da nake zaune wurinta ina kula da ita, mu aka bari muna dahuwa kamar a tukunya. Inna kuma da safe sai ta tsaya da shinkafa a hannu tana duban tayil, ni kuwa in shige kicin don kada in faɗi abin da zan yi nadama.

Damina ta uku ƙofar ɗakin Inna ta ƙi rufuwa. Sannan miya ta fara taruwa gefe guda a kwano. Na kira Kawu Jumberi, kafintan da ya yi aiki da Baba, na kuma kira Rusdi na ce ya zo ya ga ci gabansa.

Kawu ya fasa katangar ya tona yashin. Ya kama kan sanda ɗaya, ta marmashe a hannunsa kamar busasshen rogo. Da ya ƙara tonawa zuwa inda laka ke jiƙe, ya buga guduma, itacen ya amsa garau.

"Ka gani, ɗana? Aikin ubanka na nan. Inda ka taɓa ne ya mutu."

"Kawu, sai a yi ginshiƙin siminti."

"A kan me? Ƙasar nan ba ta ɗaukar siminti sai da galam a ƙasa, galam kuma sai da ruwa. Ku fitar da tsohuwar nan kafin Juma'a."

Na so in mari Rusdi, na rantse na so. Ya tsaya takalminsa ya nutse a yashi, ko kallona bai iya yi ba.

Ranar da za mu kai Inna gidan mijina, na shiga ɗauko ta na same ta a durƙushe. Tayil ya tsage a tsakiyar ɗakin, tana zura shinkafa ta tsagar ɗaya bayan ɗaya, ta kasa kunne.

"Masniah, ba su zo ba."

Rusdi na bakin ƙofa rungume da akwatinta. Na juya na ce masa, "Kai ka faɗa mata dalili."