Bakwai Bisa Ashirin

Da rediyo ya ce girgizar ƙasar Turkiyya ta kai bakwai da ɗigo takwas, Barira ajiyar zuciya ta yi, ta koma tsintar wakenta. Ba ta yi boko ba, amma 'ya'ya biyar ta sa a lakwal, makarantar boko. Ta san duk makin da bai kai goma bisa ashirin ba, ba a bakin komai yake ba.

"Ko rabi ba ta samu ba," ta ce wa autanta Nazir. "Yayanka na nan lafiya. Rezon waya ne babu."

Yayan, Mahamud, karatun likita yake a can. Ɗan farinta ne, don haka Nazir bai taɓa jin sunan a bakinta ba.

Nazir ya fita zaure. Ya faɗi bak, jarrabawar gama sakandare, bara, amma darasin malaminsu na lise, Mushe Sallau, bai bar kansa ba. Wanda ya ƙago awon girgizar ƙasa, in ji malamin, allura ya zuba wa ido, mai zane a takarda in ƙasa ta motsa. Wani zanen bai kai gashin ido ba, wani ya fi ƙarfin takardar. Sai ya bar ƙirga tsawo, ya koma ƙirga sifirin da ke bayan lamba. Kowane mataki ninki goma ne a allura. A ƙarfin da ƙasa ta saki kuwa, ya haura talatin. Yanzu tsagewar dutse suke aunawa da nisan zamewarsa, amma tsanin bai sake ba.

Ya zana shi da tsinke a ƙasa. Daga biyar zuwa bakwai, ƙarfin ninki dubu ne. Babu wani ashirin a sama.

Ya share da ƙafa. Da ya shiga ta tambaye shi ko ba haka ba ne, shi da ya yi karatu. Ya ce haka ne, Inna. Ta ci tuwonta ranar, ta yi barci.

Ran Juma'a abokin Mahamud ya kira. Benen da suke haya ya zauna a kansu. Mahamud bai fita da rai ba.

Barira ba ta yi kuka nan take ba. Ta dubi Nazir, ta daɗe.

"Bakwai ce fa," ta ce.

Ya sunkuyar da kai.

Sai ta juya ta fuskanci bango, ta kira a hankali, kamar mai gwada kalmar baƙon yare: "Mahamud."