Ɗiyar Fari Ba Ta Cikin Lissafi

"Mu'awiya, ka kauce daga bakin ƙofag ga, ko in bi ta kanka!"

Jummai mai awara ce ta faɗi haka, tana tallabe da maƙwabciyarta Zulaihat, wadda ciwon ƙoda ya kumbura wa ƙafafu har takalmi ya daina shiga. Mu'awiya, ƙanen Zulaihat, ya baro rumfar namansa a kasuwar Mafara tun da hantsi don ya hana wannan fita.

"Baba Jummai, don girman Allah ki duba ta. Mutum na cikin wanga hali, sai a ce jarrabawa? Carbi ya kamata a ba ta."

"Carbina na hannuna," in ji Zulaihat, ta ɗaga masa shi. "Matsa, yaro. Ni na goya ka."

Ya matsa. To ya zai yi?

Tafiyar ba ta da nisa, katanga ɗaya ce tsakani. Duk layin babu inda waya ke kama sabis sosai sai gindin lemon tsamin Jummai, kuma ran nan ne malaman jami'a suka yarda Zulaihat ta kare binciken digirinta na biyu ta hoton waya, tunda ba ta iya doguwar tafiya. Jummai ba ta san kan karatun ba. Abin da ta riƙe shi ne, ana haɗa lissafin alƙaluma da tsara manufofin gwamnati. Ta kuma san cewa a ofishin lafiya sau biyu ana tsallake Zulaihat a ba wani shugabancin sashen tsare-tsare, wai ba ta da wannan takarda. Abin ya tsaya wa Jummai a rai kamar ita aka yi wa.

Ta kife turmi, ta jingina wayar da gwangwanin madara, ta gyara wa Zulaihat mayafi. Inna Taibatu, mahaifiyar Zulaihat, ta biyo su a hankali ta zauna can bakin murhu, ta juya musu gefe. Zulaihat ce 'yarta ta fari, kuma tun da Jummai ta tare a layin nan ba ta taɓa jin sunan a bakinta ba. "Waccan" take cewa, ko "mai ɗakin nan". Unguwa ma Innar Mu'awiya ake kiranta. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da, ba ƙiyayya ba, don ita ke kwana tana matsa ƙafafun nan.

Fuskoki uku suka bayyana a wayar. Aka gaisa, aka yi ya jiki, sannan Zulaihat ta kama bayani, rabi Turanci rabi Hausa. Wallahi sai ka ce ba ita ba ce ta kasa haɗiye koko ɗazu. Ta faɗi yadda ta taka ƙauyukan Morai da Dakko da Damaga gida-gida, har inda direbobi ke ƙin zuwa saboda hanya. Ta ce duk lokacin da ma'aikata suka tambayi uwa yawan 'ya'yanta, da yawa sukan tsallake na fari. Idan ba a ƙirga yaro ba, ba a ware masa allura, ba a ware masa gidan sauro. Maganin kuwa ba wuya: a daina tambayar uwa ita kaɗai, a tambayi kaka ko maƙwabciya.

Wani farfesa mai furfura ya gyara tabarau. "Malama Zulaihat, lissafinki ya yi kyau. Amma wannan al'ada ai ta mutu. A zamanin nan wace uwa ce za ta bar ɗanta a waje?"

Jummai ta ji ranta ya ɓaci. Saura kaɗan ta sa baki.

Zulaihat ta numfasa, gumi na bin goshinta. "Baba Jummai, juya wayar wajen murhu." Jummai ta juya. "Inna, malamaina na gaishe ki. Suna tambaya, ɗiyanki nawa?"

Inna Taibatu ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Ina gaishe su. Huɗu ne, Allah shi raya."

"Lissafa mana su."

"Mu'awiya, Hidaya, Nusaiba, sai auta Abdulbasit."

"To Farfesa, ka ji," in ji Zulaihat, tana dariya har tari ya sarƙe ta. "Mu biyar ne. Ga ta biyar ɗin tana yi maka magana."

Farfesan ya cire tabarau ya ce, "Na karɓa." Malaman suka kashe sautin wayar suka yi shawara. Da suka dawo, macen cikinsu ce ta ce Zulaihat ta ci, sai 'yan gyare-gyare. Jummai ta rangaɗa guɗa har kajinta suka watse. Mu'awiya, da ke laɓe a zaure, ya fita da sauri yana goge ido da hularsa.

"Ki gaya wa mutanen ofis su share min kujerar nan," Zulaihat ta ce wa Jummai da suna komawa. "Ko da rarrafe sai na zauna a kanta."

Ba ta zauna ba. Kafin a gama girbin gero ta rasu, wata ranar Talata da la'asar, kasuwa na tsakiyar ci. Jummai ce ta yi mata wanka. Ta yi kuka ba kaɗan ba, kuma ba ta ɓoye ba. Inna Taibatu kuwa ko ɗigon hawaye ba a gani ba a zaman makoki. Duk wanda ya yi mata gaisuwa sai ta ce, "Haƙuri sai Ma'aiki," ta sunkuyar da kai.

Bayan sadakar arba'in, masu rabon gidan sauro suka shigo layin. Jummai na gidan Inna Taibatu tana taya ta tsintar wake lokacin da wata ma'aikaciya ta yi sallama, riƙe da wayar aiki.

"Mama, 'ya'yanki nawa?"

Jummai ta buɗe baki za ta amsa mata, Inna Taibatu ta ɗaga hannu.

"Biyat."

"Duk suna nan gidan?"

"Ki sa biyat, na ce miki." Ba ta sauke ido ba. "Ta farin, Zulaihat sunanta. Ta yi digiri biyu."

Ma'aikaciyar ta dubi Jummai. Jummai ta gyaɗa mata kai, ita kuma ta danna.

Da ta fita, Inna Taibatu ta jawo faifan waken ta ci gaba da tsinta. A kan igiyar shanya, mayafin da Zulaihat ta yafa ranar jarrabawa yana ta kaɗawa, har yanzu ba wanda ya sauke shi.