Giwar ruwan da na mayar

Sandar fatsa mai gaɓa uku. Zaren roba, mita ɗari biyu. Ƙugiya shida da na goge musu ƙaya don kada su yaga bakin kifi. Sikelin ratayewa. Lambobin roba ashirin, rawaya, na maƙala wa kifi a baya. Bidon ɗin ruwa. Burodi.

Ran Asabar muna tsakiyar kogi, ƙasa da Lamorde, Kawu Mumuni ya gama leƙa jakar ya ce bai ga buhu ba. Na ce ba na bukatar buhu. Ya yi dariya ya ci gaba da tuƙi.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, Basarke daga Gaya, shekara arba'in yana su a Yamai. Ni shekara goma sha ɗaya na yi a Brest, can Faransa, ina karatun ruwa da madatsai. A can na koyi fatsa, a kan katangar tashar jirage, wajen wasu tsofaffi masu kama kifin teku da suke kira mule. Wasunsu su tafi da shi gida, wasu su auna su mayar, kuma ɓangarorin biyu ba sa ko gaisawa. Ni na bi masu mayarwa. Ba tausayi ba ne. Mule yana daɗewa kafin ya girma, in an kwashe shi ya ƙare.

Kawu ya kai mu wani gurbi tsakanin duwatsu biyu, inda ruwan yake baƙi kuma ba ya gudu. Ba a kawo baƙo nan. Sai da ya je wajen sarkin ruwa ya ce ni ɗansa ne, ya tsaya mini.

Da hantsi ta kama. Na yi kusan rabin awa da ita kafin ta zo gefen kwalekwale. Giwar ruwa ce, kilo goma sha tara, cikinta cike da ƙwai. Na zare ƙugiya, na ɗauko lambar da ta fara zuwa hannuna, bakwai, na maƙala mata da filaya kusa da ƙayar baya. Kawu yana can baya yana riƙe da jirgin kada ya bugi dutse.

"Me kake yi haka, Injiniya?"

"Mayar da ita zan yi, Kawu. Ƙwai gare ta."

"A nan ba a mayarwa."

Lokacin na riga na saki. Ta ɗan tsaya a ƙarƙashin ruwa tana fuskantar jirgin, sannan ta nutse.

Bai yi faɗa ba. Ya juya kwalekwale muka nufi gaɓa tun rana ba ta yi ba. A hanya ya ce ƙaramin kifi da ya sulale ta idon taru ba ruwan kowa da shi, su ma suna barin ƙanana. Amma abin da ya kai hannunka a wannan gurbi, ba ka aka yi. Wanda ya mayar ya ce ba ya so ke nan. Na tambaye shi wa ya bayar. Ya ce in kama igiya, mun iso.

Ran Laraba ya zo gidana a unguwar Bobiel. Bai taɓa barin kogi ranar aiki ba. Matata Latifa ta kawo masa ruwa, bai sha ba. Ya ce kwana huɗu ke nan babu wanda ya kama ko karfasa a gurbin. Shi kuwa kullum tarunsa yana fitowa da kifi ɗaya, ita. Ba zai iya ɗaukar ta ba don ba tasa ba ce, sai ya buɗe tarun tun tana cikin ruwa. Sarkin ruwa ya ba shi zuwa Juma'a. In wanda aka bai wa bai zo ya karɓa ba, Kawu ya fid da jirginsa daga wannan yanki, tunda shi ya kawo ni.

Na yi masa bayani. Ruwa yana ja baya, yana ɗumi, kifi kan canja wuri. Babbar giwar ruwa kuma takan riƙe rami ɗaya ta kori sauran. Ya saurare ni har na gama, ya ce haka ne, karatu ba ƙarya ba. Sannan ya sa hannu a aljihu ya ajiye lambar roba a kan tebur. Bakwai. Ya ce jiya ya yanko ta da wuƙa don in yarda.

"Yau da safe ta sake shiga," ya ce. "Da lambarta."

Bayan ya tafi na zazzage jakata. Goma sha tara, ga ta kan tebur cikon ashirin. Na sa ta a aljihun wando.

Ran Alhamis na je da buhu. Babu jirgi ko ɗaya a kan ruwa. Masuntan suna zaune a gaɓa, na yi sallama, suka amsa ba su dube ni ba. Wani tsoho kawai ya ce Bature ya zo karɓar saƙonsa. Ba wanda ya yi dariya.

Kawu ya tuƙa ni zuwa gurbin, na saki zare don in gwada zurfi, ban ko sa abinci a ƙugiya ba. Zaren ya yi nauyi. Ba ta ja ba, ba ta yi tsalle ba, ta taso kamar ana miƙo ta daga ƙasa. Ga lamba rawaya a bayanta, bakwai, da ɗan karcen da filayata ta yi mata ran Asabar. Na taɓa aljihuna. Tana nan. Ban ciro ta ba.

Kawu ya riƙe bakin buhu da yatsu, yana kaffa-kaffa kada ya taɓa ta. Ya ce ba a sayarwa, ba a kyauta. A gidan wanda aka bai wa ake ci.

Na ɗaure buhun a bayan babur ɗina, Kawu ya biyo ni a kabu-kabu. Gada a cushe, kasuwa a cushe, mun yi kusan awa guda cikin ranar azahar. Giwar ruwa ba tarwaɗa ba ce, minti kaɗan take yi a tudu ta mutu. Duk tsawon hanyar ina jin buhun yana kumbura yana saɓewa a gadon bayana.

Na kwance shi a tsakar gida. Kumatunta suna buɗewa suna rufewa a hankali, ba irin na kifin da ke shaƙewa ba. Latifa ta leƙo daga madafa, ta ce ita ba ta dafa abin da ke kallonta, in mayar da shi inda na ɗauko. Ruwa yana tsiyaya daga buhun bai daina ba. Ni na zuba simintin gidan nan da kaina, na karkata shi arewa zuwa magudana. Ruwan kudu ya nufa, siriri, ta ƙarƙashin ƙofa, wajen kogi.

Kawu yana waje bai shigo ba. Ya janye ƙafarsa ruwan ya wuce. Ya tambaya ko ya je ya gaya wa sarkin ruwa wani abu, ko ya je ya kwance jirginsa.

Na ce Latifa ta ajiye mini babbar wuƙa ta tafi gidan yayarta Haoua sai na kira ta. Ta ɗauki gyale ta fita ta gefen Kawu, tana tsallake ruwan.

"Kawu, ka bar jirginka inda yake."

Na tura ƙofa na sa sakata. Na san yana tsaye a bayanta, don haka na ɗaga murya kaɗan.

"Ka ce masa na karɓa. Ni zan yanka, ni zan dafa, kuma zan cinye ta ko kwana nawa za ta ɗauke ni."