Rijiyar Mama Dikeledi

Mpumelelo Hlongwane ya shekara goma sha tara yana haƙar zinariya a Carletonville kafin ya samu aiki a ramin jirgin ƙasa da ake haƙawa a ƙarƙashin Johannesburg. Aikinsa ɗaure gammayen kankare da ake jerawa a bangon ramin, a bayan babbar na'urar haƙa. Ya ga ruftawar dutse, ya ga ambaliya, har yana ganin babu sauran abin da ƙasa za ta nuna masa.

Wata Laraba da hantsi yana zaune kan bututu yana cin tuwon masara da Katlego, direban ƙaramin jirgin da ke kwashe ƙasa, sai garin kankare ya fara zubo musu a kwano. Kafin su ɗaga kai kankaren rufin ya tsage, wani ƙarfe mai kaurin cinya ya leƙo yana juyawa. Ya sauko, ya gogi kafaɗar Katlego, ya yage masa riga, ya kafe a ƙasa yana ci gaba da juyi. Laka ta biyo shi.

Mpumelelo ya fizgo abokinsa, amma ya kasa ɗauke ido daga ƙarfen. Mita talatin ke tsakaninsu da hasken rana, ga kuma wani daga sama yana haƙo su.

Injiniya ya tsayar da komai, aka fitar da kowa. Ya duba taswira, ya tura Mpumelelo da mai awon ƙasa su nemo wurin a sama. Ƙarar injin ce ta kai su wani gida mai doguwar katanga. A bayan gidan motar haƙa rijiyar burtsatse na ta aiki. Mai haƙar ya tare su da fara'a, yana cewa ƙarfensa ya zurma lokaci guda, da alama ya faɗa kogon ruwa. Matar gidan, Mama Dikeledi Phaahla, tsohuwar nas ce, alayyahonta ke mutuwa saboda yawan ɗaukewar ruwan famfo, shi ya sa ta sa a haƙa mata rijiya.

"Mama, a ce ya kashe injin nan," in ji Mpumelelo. "Akwai mutane a ƙasa."

"Waɗanne mutane, ɗana? Ba a taɓa binne kowa a gidan nan ba."

"Rayayyu, Mama. Mu arba'in ne."

Ta dubi lakar da ke jikinsa tun daga hula har takalmi. Sai ta zauna a kan ciyawa. Ta ce ta ga takardar aikin ramin bara, amma ta ɗauka ta ƙarƙashin babban titi zai bi. Mai haƙar kuwa ya kashe injin, ya tsaya riƙe da makulli, bakinsa a buɗe.

Da ta ji ƙarfen ya gogi wani, ta ce sai an kai ta. Suka tarar da Katlego zaune a bakin ramin. Ta wanke masa kafaɗar da kanta, tana ta ba shi haƙuri. Shi dai kallonta yake.

Mako uku aka yi kafin a toshe ɓular. Katlego ya nemi a mayar da shi aikin sama, aka mayar da shi. Mpumelelo ya koma ƙasa ranar da aka sake buɗe ramin, bai kuma gaya wa matarsa abin da ya faru ba sai da ta gani a jarida.