Kunyar 'Yar Fari

Shekara ashirin da shida Hajjo ba ta taɓa kiran sunan Na'ima ba. 'Yar farinta ce, kuma a Mandera uwa mai kunya ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta nuna damuwa da ita a gaban mutane. "Waccan" take ce mata.

Da Na'ima ta samu taɓin hankali bayan haihuwa, Hajjo ce ke kai ta wani ƙaramin asibiti a Bodinga duk Talata. Mai duba ta Bilyaminu ne, wanda farar riga kaɗai ta mayar likita. Ran farko ya ce, "Inna, ko za ki shigo?" Hajjo ta kau da kai. Ya yaba tarbiyyarta ƙwarai, ya rufe ƙofa.

A mako na uku Na'ima ta ce, "Inna, mutumen nan shina taɓa ni inda bai kamata ba."

Hajjo ta kai maganar wurin wanda ta ga ya fi kowa sanin ciwon, wato Bilyaminu. Ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce haka cutar ke sa su gane-gane, ya ƙara ƙwaya. Na'ima ta daina magana. Gida aka ce sauƙi ya samu, har aka kai masa buhun albasa.

Wata Talata, Na'ima na ciki, wata mata 'yar Danchadi mai suna Zuwaira ta zauna kusa da Hajjo a benci. Ƙanwarta ta kawo.

"Tawa kullum cewa takai likita na taɓa ta," in ji Zuwaira. "Munka hwaɗa mai, yac ce ciwon ne, yaƙ ƙara magani."

Hajjo ta ce, "Haka ɗiyata tac ce."

Zuwaira ta dube ta. "Inna, wane irin ciwo ne wanga, da ba shi tashi sai Talata?"

Hajjo ta miƙe. Ta murɗa hannun ƙofar. A kulle take, kamar yadda take duk Talatar da ta zauna nan tana kare mutuncinta.

Ta buga da tafin hannu.

"Inna, a yi haƙuri, ana aiki," in ji Bilyaminu daga ciki.

"Na'ima," Hajjo ta ce, da ƙarfin da duk masu jira suka juyo. Sunan ya yi mata nauyi a baki. "Na'ima, ni ce. Na yarda da ke."

Zuwaira ta zo ta tsaya a gefenta, ta fara bugawa ita ma.